Daga Tukunyar Burkutu Zuwa Kwalbar Braniger: Tarihin da Ba Mu Cika Son Faɗa Ba



Tun kafin mu yi nisa, bari mu share fage. Giya haramun ce a addinin mafi yawanmu, kuma ba talla muka zo yi mata ba. Amma Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Akwai wani yanki na tarihin garuruwanmu da kowa ya san shi, dattawa sun gan shi da idonsu, amma in an zo ba da labarin gari sai a tsallake shi kamar kwata. Yau shi muke son mu taɓa, domin a cikinsa akwai batun dawa da gero, akwai batun aikin yi, akwai kuma batun inda kuɗinmu ke tafiya.

Abin da ya tado maganar shi ne wata ƙaramar masana'antar giya da ke Legas, wadda sunanta ma na Hausa ne: Bature. A Abuja ta fara, daga baya ta buɗe a Legas. Tsarinta shi ne a dafa abin a wurin, a tsiyayo shi daga famfo a zauren da ke manne da wurin dahuwar, ga kuma abinci a gefe. Har da zoɓo suke sa wa a wata daga cikin giyarsu. Ana kallon wannan tsari a matsayin sabon yayi da ya zo daga ƙasashen Turawa. To, gaskiya ne daga can yayin ya taso. Amma tsarin kansa, wallahi kakannin wasunmu sun riga Bature saninsa.

YADDA YAYIN YA TASO A AMURKA

Daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta hana yin giya da saida ta a ƙasar baki ɗaya. Da aka ɗage dokar, ƙananan gidajen dahuwa da yawa ba su sake tashi ba, waɗanda suka tashi kuma manya suka yi ta haɗiye su. Kafin ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya da suka rage a duk faɗin Amurka ba su kai ɗari ba, kuma kusan abu iri ɗaya suke yi. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa tasa a gida. A 1982 aka buɗe wani gida a garin Yakima, jihar Washinton, inda ake dafawa, a saida, a ci abinci duk a wuri guda. Daga nan abin ya bazu, har yau ana lissafin masana'antu sama da 9,000 a ƙasar, mafi yawansu ƙanana.

Abin da masu wannan tsari ke alfahari da shi uku ne: abin na garinsu ne, mai sha yana ganin wanda ya dafa, kuma kuɗin yana zama a unguwa. Ku riƙe waɗannan ukun, za mu dawo kansu.

ZAMANIN TUKUNYA

A littafin Tarihin Kano, inda ake ba da labarin Barbushe da mutanen Dala kafin zuwan Bagauda, an jera manyan gari da sana'ar kowa. Akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai tsaron gari da dare, akwai kuma Bugazau, mai dafa giya. Wato a wancan zamani sana'a ce mai muƙami, ba abin ɓoyo ba.

Nan gefenmu ma hakanan abin yake a wurin Anna na Gulbin Maraɗi, da Azna na Adar da Arewa, kamar yadda yake a wurin Maguzawa na ƙasar Katsina da Kano. Giyar hatsi tana cikin tsafin gida, tana cikin gayya, tana cikin biki da makoki. Mai gona in ya kira gayya, da ita yake sallamar masu noma. Bature mai bincike Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin mutanen kwarin Maraɗi, ya rubuta abubuwa da yawa game da rayuwar Anna da al'adunsu.

Aikin kuwa na mata ne, kuma aiki ne mai wuya. A jiƙa dawa, a baza ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. A dama garin da ruwa, a dafa a manyan tukwane, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a zuba ɗan ragowar tsohuwar dahuwa don ta tayar da sabuwa. Daga jiƙo zuwa sha kwanaki ake ɗauka, ga cin itace, ga ɗaukar ruwa. Dusar da ta rage kuma ta dabbobi ce.

Ga inda maganar take: burkutu ba ta ajiyuwa. Kwana ɗaya ko biyu ta wuce, ta koma tsami. Ba a ɗura ta a kwalba, ba a kai ta wani gari. Dole mai sha ya tako zuwa inda aka dafa. Saboda haka gidan mai burkutu shi ne masana'anta, shi ne zauren sha, kuma ba a rasa mai tsire ko mai ɗan abin taɓawa a bakin ƙofa. Ana auna ta da ƙoƙo, kowa ya san hannun wadda ta dafa, dawar kuma daga gonar maƙwabci ta fito. Abubuwa ukun nan da mutanen Amurka ke alfahari da su, ga su nan cif. Har gobe wannan tsari yana raye a maƙwabta: dolo a Burkina da Mali, cukutu a arewacin Benin, pito a Gana, bilbil a Cadi da arewacin Kamaru.

Me ya kashe shi a yawancin ƙasarmu? Musulunci ne, kuma a hankali ya yi aikinsa. Mu tuna cewa Maraɗi da Tsibiri garuruwa ne da sarakunan Katsina da na Gobir suka kafa mulki a cikinsu bayan jihadin Shehu Usmanu, a farkon ƙarni na 19. Sarakunan Musulmi ne, amma sun zauna da Anna cikin yarjejeniya, bori ma yana da gurbinsa a fada ta hannun Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri. Don haka ba da takobi aka fasa tukunyar ba. Makarantar allo, fatauci, aikin hajji da auratayya su suka yi ta janye mutane, gida bayan gida, har aka wayi gari jikan mai dafa burkutu shi ne ladan. Wanda ya san asalin gidansu ya san abin da muke faɗi, kuma ba abin kunya ba ne, abin godiya ne ga Allah.

ZAMANIN BARIKI

Tukunya tana ja da baya, sai ga kwalba ta shigo ta wata ƙofar. Faransawa sun iso Damagaram a 1899. Zinder ta zama babban birnin yankin daga 1911 har 1926, lokacin da aka maida shi Yamai. A takarda, Turawa sun yi yarjejeniyoyi na taƙaita shigo da barasa mai ƙarfi cikin Afirka, ɗaya a Burusal a 1890, wata a Faransa a 1919. A ƙasa kuwa, duk inda aka kafa bariki sai kwalba ta bi. Kumandan yana da tasa a tebur, sojan da aka kwaso daga wasu ƙasashe suna da tasu, ga ma'aikatan biro daga Dahome, Togo da Senegal, ga kantunan kamfanoni irin su CFAO da SCOA da suka zo sayen gyaɗa suna saida kayan Turai.

Daga nan ma'anar abin ta sake. Da can giya alamar ƙauye ce da tsohuwar al'ada, abin da ɗan birni mai salla ke raina wa. Yanzu ta koma alamar wayewa, ta mai albashi, mai takalmi sau-ciki, wanda ya yi lakwal. Kalmar “ɗan bariki” da “zaman bariki” daga nan suka samo nauyin da suke da shi har yau. Kuma kuɗin da a da yake faɗawa hannun tsohuwa a unguwa, ya koma yana hawa jirgin ruwa.

ZAMANIN BRANIGER

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta shiga neman masana'antu don rage sayo komai daga waje. A wannan zamani ne aka samu siminti na Malbaza, masaƙa a Yamai, da Sotramil mai sarrafa gero a Zinder. A cikin wannan jeri, a 1967, aka kafa Braniger a Yamai, kamfanin giya da lemun kwalba. Daga baya ya kasance cikin rukunin Castel na Faransa, mai irin waɗannan masana'antu a ƙasashe da dama, kamar Brakina a Burkina da Sobebra a Benin.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. In an ce Braniger sai a ce kamfanin giya, a tofar da yawu. Amma Coca-Cola da Fanta da Sprite da Youki da muka sha a bikin suna, da ɗaurin aure, da ranar salla, daga wannan gidan suke fitowa. Alhajin da bai taɓa kusantar bar ba, shi ma kwalbar Braniger ce a firigon shagonsa. Kamyo ɗaya ke ɗauko kayan zuwa Dosso, Ƙonni, Tawa, Maraɗi da Damagaram, ya koma da kwalaben da aka shanye. Tsakanin direbobi, 'yan dako, masu depo, masu tura baro da masu saida ƙanƙara, Allah kaɗai ya san bakin da ya ci abinci ta wannan hanya.

Ita kuwa giyar, Bière Niger, an san ta da hoton raƙumin dawa a jikin kwalba. Sai dai dawar da ke jikin kwalbar ta raƙumi ce, ba ta manomi ba. Irin wannan giya ginshiƙinta tsiron sha'ir ne da wani fure mai ɗaci, kuma dukansu daga waje ake shigo da su, su sauka a tashar jirgin ruwa, su yi doguwar tafiya a mota kafin su iso Yamai. Ruwa da ƙarfin ma'aikaci ne namu. Tsohuwa mai tukunya tana sayen dawa a kasuwar ƙauye, masana'anta kuwa tana biyan manomin Turai.

Shekarun 1970 zamanin kuɗin uraniyom ne. An fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ta biyo baya a 1978, albashi yana fita, gine-gine suna tashi a Yamai. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga fari na 1984 a kai, sai kalmar “konjonktir” ta shiga bakin kowa, ma'ana matsin tattalin arziki. Har giyar kanta aka laƙaba wa wannan suna, ta zama Konjonktir a bakin masu shanta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk masana'antar da ke sayo kayan aikinta daga waje ta ji a jikinta, domin abin da take saye da jika ɗaya jiya ya koma jika biyu yau.

Mu leƙa Najeriya kaɗan, don akwai abin lura. A 1988 gwamnatinsu ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanonin suka yi kuka, amma dole ta sa suka koma ga dawa da masara, suka koyi yin tsiron dawa a injin. Wannan ya buɗe wa manoman arewa babbar kasuwa. Kuma ba giya kaɗai ake yi da tsiro ba. Maltina da 'yan uwanta, da muke saye wa maijego da mara lafiya, babu maye a cikinsu, amma daga irin waɗannan masana'antu suke fitowa. Wato ilimin jiƙa dawa ta yi tsiro, wanda kakanni suka sani, wasu sun ɗauke shi sun sa masa injin, mu kuma muna saye a gwangwani.

SHEKARUN WUTA

A ƙarshen 1999 jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, wasu jihohin arewacin Najeriya suka bi. Masu gidajen giya da yawa suka tattaro kayansu suka ƙetaro garuruwan bakin iyaka na gefenmu. Mutanen Maraɗi da Ƙonni sun ga wannan da idonsu, kuma ran mutane da yawa ya ɓaci.

A watan Nuwamba na 2000, lokacin da aka shirya bikin nuna tufafi na FIMA a Yamai, zanga-zangar ƙin bikin ta rikiɗe. A Maraɗi an ƙona mashaya, an farfasa rumfunan caca, an auka wa gidajen mata masu zaman kansu, wutar ta kai har ga coci. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, aka sake ganin irin haka a Zinder da Yamai: coci-coci da mashaya da otel-otel sun ƙone, an rasa rayuka kimanin goma.

Fushin da ya fito da mutane, kowa ya san tushensa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ashana ba ta taɓa shiryar da mashayi ba. Abin da malaman zaure suka yi cikin shekaru da haƙuri da wa'azi, har suka raba dubban gidaje da tukunya ba tare da an zubar da jini ba, wutar kwana ɗaya ba ta yi ko kusa da shi ba. Wanda aka ƙona wa rumfa ya koma bayan gari, ko ya koma saidawa ta taga. Maƙwabtanmu Kirista da muka tashi tare kuwa, sun daɗe suna jin ciwon abin.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

A 2019 aka ba da sanarwar rufe Braniger, bayan shekara sama da 50 tana aiki, saboda asarar da aka ce kamfanin yana tafkawa. Wasu sun yi hamdala, sun ce an rage ɓarna. Mun fahimce su. Amma mu duba abin da ya tafi da abin da ya zauna.

Abin da ya tafi a lokacin: albashin ma'aikata, harajin da masana'anta ke biya, da sana'ar waɗanda ke kewaye da ita. Abin da ya zauna: kwalbar. Mai sha bai fasa ba, sai dai abin da yake sha ya koma na Benin, na Togo, na Najeriya, wani ta duwan, wani ta hanyar daji. Lemun bikinmu ma da yawansa haka yake zuwa. Ga kuma abin da ya fi tsohuwar mashaya haɗari, wanda ba shi da rumfa balle a ƙona: ƙwayar tramol da 'yan uwanta a aljihun yaro ɗan shekara 15. Tsohon gidan giya ko banza an san ƙofarsa, an san mai shiga. Wanga kuwa a cikin ɗakinka yake kwana, kai ba ka sani ba.

In muka jera zamunnan uku, za mu ga abu ɗaya yana tafiya. A zamanin tukunya hatsin namu ne, aikin namu, kuɗin namu. A zamanin masana'anta aikin namu ne, hatsin na wasu. Yau hatsin na wasu, aikin na wasu, namu kawai biya.

ABIN DA YA RAGE MANA

Ba cewa muke a maido da tukunyar burkutu ba, Allah ya kiyashe mu. Ba kuma cewa muke a buɗe irin gidan Bature a Maraɗi ba. Abin da muke cewa shi ne, tsarin nan na “dafa a nan, saida a nan, a ci abinci a nan” bai san giya ba, bai san kunu ba. Duk abin da ka zuba masa shi zai ɗauka.

Mu kuwa abin sha na halal ba mu rasa ba. Ga hura da nono, ga kunun zaƙi wanda shi ma wasu da tsiron hatsi suke zaƙaƙa shi, ga kunun aya, ga zoɓo, ga ruwan tsamiya, ga na citta, ga na 'ya'yan kuka. Aya ma jihar Maraɗi ce gidanta, amma buhu-buhu take fita ƙasar waje ɗanya. Mata suna yin waɗannan abubuwa kullum, suna ƙullawa a leda ko su ɗura a tsohuwar robar ruwa, yara su yi ta yawo da su cikin rana. Sana'ar tana nan, gwanintar tana nan. Abin da babu shi ne wuri: zaure mai tsabta, ruwa mai kyau, firigo da hasken rana ke kunna wa, tukwanen da mai saye zai gani da idonsa, benci da inuwa, mai tsire ko mai dambu a gefe. Matasanmu da ke kwana a fada kan butar shayi ɗaya, ai wurin zama suke nema. Su ne kasuwar, suna zaune suna jira.

Matsalolin ma ba ɓoyayyu ba ne. Kunu kamar burkutu yake, ba ya kwana, ga wutar lantarki mai zuwa da tafiya, ga patanti, ga jari. Amma rashin ajiyuwar nan shi ne ya sa babu kamfanin waje da zai iya ƙwace wannan kasuwa. Ba mai ɗauko kunun aya daga Kwatano ya iso da shi Tasawa da rai. Abin da ya tilasta wa mutanen da su tako gidan mai tukunya, shi zai kawo na yanzu zauren mai kunu.

In wani a Legas zai iya ɗaukar sunan Hausa da zoɓon Hausa ya gina kasuwa a kan abin da addininmu ya hana, mu da muke da zoɓon a bayan ɗaki, me ya hana mu gina tamu a kan abin da ya halatta?

Dattawan da suka yi aiki a Braniger, ko suka yi dakon kayanta, ko suka ga zamanin da muka ambata, ku ƙara mana abin da muka bari, ku gyara mana inda muka karkace. Allah ya shirye mu da zuriyarmu, ya sa albarka a gero da dawar bana.